Na Hau Kinabalu, Ban Taɓa Hawa Shere Ba

A ɗakin cin abinci na Panalaban, masaukin masu hawa dutsen Kinabalu a Malesiya, abin ya faru, mita 3,272 sama da teku, magariba ta kawo jiki. Kaina na sarawa, ina ta juya cokali cikin miyar da na kasa sha, sai ɗan jagoranmu ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ina jin don ya ga yanayina ne. Yaro ne, ba zai wuce sa'ar autanmu ba, ɗan ƙabilar Dusun daga ƙauyukan gindin dutsen. Ya tambaye ni garinmu, na ce Jos, a Nijeriya. Bai taɓa jin sunan ba, sai na ciro waya na nuna masa hoton da nake nuna wa kowa: duwatsun Shere da damina, kore shar, ruwan Lamingo a gabansu. Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana dubawa. Daga nan ya shiga jero mini tambayoyi irin na mai sana'a. Ta wane gefe ake kama hanya? Awa nawa ake yi kafin a kai ƙololuwa? Akwai ruwa a hanya? Su wa ke kai baƙi, kuma nawa ake ba su?

Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya miƙo mini wayata yana murmushi, ya ce, "Amma Yaya, dutsen garinku ne fa." Wallahi ba da wata manufa ya faɗa ba, mamaki ne kawai ya kama shi. Ni kuwa har yau maganar nan tana cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da 'yan gida za su ce ɗan ci-rani ya ƙoshi ya fara yi wa gida tsiya.

Karatu ne ya kawo ni Malesiya, aiki ya riƙe ni. Wanda bai zauna a Kuala Lumpur ba ba zai gane irin zafin garin ba: ba rani, ba hunturu, gumi ne daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, ko wanka ka yi kafin ka ɗaura agogo rigarka ta jiƙe. Da abokan aikina suka fara haɗa tafiyar Kinabalu, ni ba ƙololuwa ce ta ja ni ba. An ce mini akwai sanyi a can, sanyin gaske, wanda mutum zai ga hucin bakinsa. Shi na je nema. Na jawo wani abokina Bakano, ɗan ƙwallo, mai ƙirar ƙarfi, muka sa sunanmu.

Da na gaya wa Hajiyarmu, shiru ta yi, sannan ta ce, "To me ka ajiye a can saman da za ka je ɗaukowa?" Da ta ga ba fasawa zan yi ba, ta ce in riƙe addu'a, don dutse ba ya rasa masu shi. A zauren WhatsApp na 'yan ajinmu kuwa, wani ya ce aikin Nasara ne, wani ya ce in kuɗi ne suka yi mini yawa ga lambar asusunsa.

Dutsen yana jihar Sabah, a tsibirin Borneo. Jirgi ne na wajen awa biyu da rabi daga Kuala Lumpur zuwa Kota Kinabalu, sannan mota ta yi ta lanƙwasa da kai tana hawa na kimanin awa biyu. Kafin mu shiga gandun dajin da dutsen yake ciki muka kwana a wani gari, Kundasang, kuma a nan zuciyata ta fara karyewa. Rumfuna ne jere a bakin titi, kabeji a tsibe, karas, latas, tumatir, albasa mai lawashi, mata sanye da rigunan sanyi suna kiran masu saye. A kan tudu ga shanun madara masu baƙi da fari suna kiwo. Iska mai sanyi ta bugo ni da ƙamshin ɗanyen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, na tsaya cak a bakin titi, don rabona da wannan ƙamshin tun Farin Gada. Da gari ya waye na leƙa taga, sai ga shi a tsaye: baƙin dutse tsirara, ba ko ciyawa a samansa, kansa da ƙahonni barkatai, ya cinye rabin sama. Kafin hantsi gajimare ya rufe shi ruf, sai ka ce ba a taɓa yin dutse a wurin ba.

Ba a hawa Kinabalu da ka. Tun watanni kafin ranar ake kama gurbi, domin waɗanda ake bari su hau a rana ɗaya ba su kai 200 ba, kuma sai kana da gadon kwana a sama za a ba ka izini. A ofishin gandun za a duba fasfonka, a karɓi kuɗin izini da na inshora, a rataya maka kati a wuya mai ɗauke da sunanka, a haɗa ka da ɗan jagora. Jagoran nan dole ne, ko da kai ne ka hau Everest jiya. Mutum biyar ga jagora ɗaya. Mu da yake mun fi haka, biyu aka ba mu. Katin nan za a duba shi a ƙofar shiga, a sake dubawa can sama cikin dare, a kuma soke sunanka in ka sauko, saboda kada rana ta faɗi akwai wanda ba a san inda yake ba.

Ƙofar da ake fara tafiya, Timpohon, tana mita 1,866. Ƙololuwar Shere, wadda ita ce mafi tsayi a duk Filato, wajen mita 1,829 ce. Wato inda mota ta sauke mu muka ɗaure igiyar takalmi ya riga ya ɗara saman duwatsunmu. Kafin mu zauna cin abincin rana mun wuce tsayin Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419, wanda babu kamarsa a Nijeriya kaf. Ƙololuwar Kinabalu kuwa mita 4,095.

Kilomita 6 ne kacal daga ƙofar zuwa Panalaban, abin da ɗan Jos zai taka daga Terminus ya wuce Bauchi Road bai ce ya yi tafiya ba. Amma duk matakala ce. Wata ta katako, wata ta saiwar bishiya, wata ta tsagin dutse da ruwa ya wanke, wata tsayinta har gwiwa. Kowane rabin kilomita akwai allo da ke gaya maka inda kake da tsayin wurin, kuma kusan kowane kilomita akwai rumfar hutawa mai benci da bayan gida da tankin ruwa, ga 'yan kuregu da suka saba da mutane suna zagaya ƙafafunka suna jiran ɓarɓashin burodi. Daji yana canjawa kana gani. Da farko manyan itatuwa ne masu rufe rana, sai su koma gajeru, karkatattu, gansakuka ta lulluɓe su tana ɗigar ruwa, sai ƙasa ta koma ja-ja, itatuwan su dawo iya kafaɗa. Jagoran ya ja ni gefe ya nuna mini wani tsiro mai siffar ɗan tulu da murfinsa, ruwa a ciki, ƙwaro in ya faɗa ba ya fita. Na kai hannu, ya ce a kalla dai, ba a taɓawa. Duk tsawon hanyar nan ban ga ledar ruwa ko ɗaya a ƙasa ba. Na duba, don na so in gani in samu abin faɗa.

Sai 'yan dako. Babu titi zuwa Panalaban, saboda haka duk abin da aka ci ko aka kwanta a kai a can, a bayan mutum ya hau. Kana tsaye kana haki sai ka ji an ce a ba da hanya, ka matsa, sai ga mutum da tukunyar gas biyu a ɗaure a katako a bayansa, igiya ta zagayo goshinsa. Bayansa wani da buhun shinkafa da kiret ɗin ƙwai a sama, ko ɗaya bai fashe ba. Akwai wata mata da ta wuce ni, ba za ta gaza shekarun babbar yayarmu ba, kayanta sun fi kanta tsawo, tana tafe tana latsa waya. Da kilo ake biyansu, akwai sikeli a ƙasa. A ƙafarsu kuwa, mu da muka sayo takalman hawa masu tsada, su takalmin roba ne baƙi, shi dai wanda Fulani makiyaya ke sawa a wurinmu. In za su sauko, shara suke ɗaukowa.

Daga wajen mita 2,500 jiki ke fara sanin ya bar gida. Ba wai iskar ta canja iri ba ne, sirancewa take yi, har ya zama a ƙololuwa kowane numfashi da ka ja kusan kashi 60 cikin 100 ne na abin da kake samu a bakin teku. Sai ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita a rai, barci ya ƙi zuwa. Abin ba ya duba ƙarfi, ba ya duba shekaru. Kowane ɗan Jos yana taƙama shi ɗan tudu ne, to Jos ɗin mita 1,200 ne da 'yan kai, kuma jikin da ya daɗe a bakin teku ya manta da wannan ma. Abin da ke ƙara wa Kinabalu sharri shi ne saurinsa: jiya kana gaɓar teku, yau kana sama da mita 3,000, jini bai samu lokacin sabawa ba.

Ƙarfe biyu na dare aka tashe mu, in ma akwai wanda ya runtsa. Aka sha shayi, biyu da rabi aka buɗe ƙofa. Kowa da tocila a goshi, safar hannu, hular sanyi. In ka ɗaga kai sai ka ga fitilu a jere suna hawa cikin duhu har inda ba ka iya bambance su da taurari. Matakalar katako ta ƙare, itatuwa suka ƙare, sai falalen dutse, santsi, a karkace, da wata farar igiya mai kauri da aka kafa tun daga nan har ƙololuwa. Wani wuri da ita za ka ja jikinka, wani wuri aikinta kawai ta nuna maka hanya, domin in gajimare ya sauko ko tafin hannunka ba ka gani. Doka ɗaya ce: kada ka rabu da igiya. Taku goma, ka tsaya, ka ji zuciyarka tana bugawa a cikin kunnuwanka, ka ƙara goma.

Kafin mu kai shingen Sayat-Sayat, mita 3,668, inda ake duba kati kuma ake rufewa wajen ƙarfe biyar na asuba, abokina ya durƙusa ya yi amai. Ya tashi yana tangaɗi. Ashe tun la'asar kansa ke rabewa biyu, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Jagoran ya haska fuskarsa, ya ce ya taka 'yan taku a miƙe ya gani, ya kasa. Shi ke nan, ya ce zai koma ƙasa tare da ɗayan jagoran. Abokina ya ce atafau. Ya juyo gare ni da Hausa, "Malam, ka yi masa magana mana, kuɗi fa na biya, saura kaɗan." Da ya ga na yi shiru, ya zaro 'yan takardu daga aljihu ya dunƙula wa yaron a hannu, irin yadda muka iya. Yaron ya mayar masa da su cikin aljihun rigarsa, ya ja masa zif, ya ce, "Yaya, hawa kai ka biya, saukowa kuma a wuyana take." Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake wata magana ba. Maganin wannan ciwo guda ɗaya ne, a sauka, kuma kafin hantsi abokin nawa yana Panalaban yana cin ƙwai yana zagin dutsen.

Can sama da shingen, gabas ta fara yin fari, yaron nan ya dafa ni ya ce lokacin sallarku ya yi. Kirista ne, da sarƙar gicciye a wuyansa. Ya kai ni bayan wani ƙaton dutse inda iska ba ta bugu sosai, ya nuna mini alƙibla, wadda a can yamma take, ya karɓi sandata ya koma gefe ya tsaya. Ruwan gorata ya yi sanyin da ba na jin zan iya sa shi a fuska, yatsuna sun ƙage, na cire safa na buga tafi a jikin dutsen na yi taimama. Na yi sallar asuba na ba fitowar rana baya, haƙorana na haɗuwa. Da na sallame ya miƙo mini sanda muka ci gaba, bai ɗauki abin a bakin komai ba.

Ƙololuwar kanta 'yar mitsitsiya ce, tarin duwatsu da allo, mutane na layin ɗaukar hoto. Gefe guda rami ne da ake kira Low's Gully, wanda zurfinsa ya fi kilomita guda, ban ma yarda na leƙa sosai ba. Gajimare duk yana ƙasa da mu. Sunan wani Bature ke kan ƙololuwar, Hugh Low, wanda ya hau a 1851 bai ma kai nan ɗin ba, sai John Whitehead a 1888, alhali mutanen ƙauyen ne suka nuna musu hanya. Wannan kam har a can ba su tsira ba.

Abokan aikina da muka sauko sun cika Facebook da cewa dutse ya canja musu rayuwa, sun gano ko su wane ne. Ni ban gano kowa ba, kuma gwiwoyina sun fi shan wuya a saukowa fiye da hawa, har na kwana biyu ina sauka daga bene da baya. Amma akwai abin da ya sauya, ba zan ɓoye ba. An tashe mu a kan dauriya. Namiji ba ya cewa wayyo, ko kana mutuwa aka gaishe ka lafiya lau za ka ce, kuma yaro ba ya gaya wa babba abin da zai yi. Tarbiyya ce mai kyau a ƙasa, ina alfahari da ita. A mita 3,600 ita ce ta kusa jefa abokina cikin rami. A can dole ka buɗe baki ka ce wa yaron da ka girma, wanda ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, "kaina na ciwo, ƙafata na rawa," ya ce zauna ka zauna, ya ce tashi ka tashi. Tun da na dawo na lura bakina ya fi saurin cewa ban iya ba, ko na gaji, a wurin aiki da kuma a gida. Maiɗakina ce ta fara lura, ta ce in dai haka dutse ke yi a riƙa tura mazan Hausawa duk shekara.

Yardar nan da ake yi wa jagororin ba a banza ta samu ba. Ranar 5 ga Yuni 2015 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.0 ta bugi dutsen da sassafe, duwatsu suka gangaro, mutum 18 suka rasu, cikinsu har da yara 'yan firamare daga Singafo da jagorori huɗu. Hanya ta rufe, sama da mutum 100 suka maƙale a sama, jirgin ceto ya kasa sauka saboda gajimare. Jagororin nan ne suka fasa sabuwar hanya cikin ɓaraguzai suka sauko da mutane cikin dare, wasu a goye. Kafin shekarar ta ƙare an gyara wata hanyar an sake buɗe dutsen. Kwanaki kaɗan kafin girgizar wasu Turawa 'yan yawon buɗe ido sun tuɓe tsirara a saman dutsen sun ɗauki hoto, bayan jagoransu ya hana su. Dusun na ɗaukar wurin a matsayin makomar rayukan kakanninsu. Aka kama huɗu daga cikinsu, kotu ta ɗaure su kwana uku ta ci su tara, aka kore su. Ni ban yarda tsiraicin wani ke jawo girgizar ƙasa ba, amma na ga mutanen da dutsensu ke da daraja a idonsu har hukuma ta tsaya musu. Tun 1964 aka mai da wurin gandun da doka ke karewa, a 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma hotonsa ne a bayan takardar ringgit 100. Mu ma mun sa Zuma a bayan tsohuwar naira 100. Wanda ya san wani da ya taɓa biyan kuɗin makarantar ɗansa da kai baƙi saman Zuma, ya gaya mini.

Kada a ce na mai da Malesiya aljanna. Baƙo yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya a dutsen nan, kuma tafiyar ta ci mini abin da ba zan faɗa a nan ba saboda 'yan'uwa na karantawa. Baƙar fata a Kuala Lumpur ya san abin da ake nufi da a ce gida na haya ne, ka je a ga fuskarka a ce an riga an kama. Su ma sun yi nasu rikicin ƙabilanci a watan Mayun 1969, an kashe mutane a titunan babban birninsu, kuma gabashin Sabah ɗin nan ya sha fama da masu satar mutane ta teku. Duk na sani. Amma sun hau dutsensu, mu ba mu hau namu ba.

Kuma kada wani ya ce mini lalaci ne. Wannan ita ce maganar da ke ɓata mini rai in 'yan boko suka fara ta, wai Bahaushe ba ya son motsa jiki. Mutumin da kakanninsa suka taka da ƙafa daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro? Je ka Dutsen Nur a Makka lokacin aikin Hajji ka ga tsofaffin matanmu suna hawa zuwa kogon Hira, da silifas, ba sanda, ba tocilar goshi. Bahaushe na hawa dutse in ya ga dalili. Abin da ba ya yi shi ne wahala don nishaɗi, kuma mai neman na cefane ba za ka ga laifinsa ba. Akwai kuma tsohon tsoron nan da Hajiya ta taɓo, tun zamanin Dala da Kufena da Kwatarkwashi muka bar wa iskoki kan duwatsu muka sauko fili. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne ya hana ni hawa Shere ba.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya san duwatsun nan. Da ƙuruciyarsa a keke yake kai kaya barikokin kuza, inda keke ya gaza ya saɓa shi a kafaɗa. Yana jin Jarawanci daidai gwargwado, yana gaisawa da Birom da yarensu. Yana da wani amini Bajari a wani ƙauye ta wajen gindin Shere, wanda muke kira Baba shi ma. In kaka ta yi zai zo mana da acca da zuma, ya kwana a zaurenmu. Da Babbar Sallah cinya guda tasa ce, a keɓe take. Da Kirsimeti kuwa tun ana jibi zai aiko a zo a yanka masa akuya da hannun Musulmi, don mu iya ci. Ya sha cewa in na ƙara girma zai kai ni can sama in hango Jos gaba ɗaya, har in nuna rufin gidanmu.

Sai ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ta zo, ranar da rikicin Jos ya ɓarke. Ba sai na ba ɗan Jos labari ba. Bayanta kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, sai rikicin Nuwamban 2008, sai na Janairun 2010, kowanne ya zo ya ƙara yanke wani yanki daga garin da muke iya takawa. Na girma da taswira a ka wadda ba a rubuta ta ko'ina ba: nan ana zuwa, nan sai da rana, nan ko mai Keke Napep ba zai kai ka ba, nan in za ka bi ka cire hula. Su ma can suna da tasu taswirar, unguwarmu na cikin inda aka ja musu jan layi, kuma suna da gawarwakinsu da suke tunawa kamar yadda muke da namu. Duwatsun da nake gani kullum da safe in na fito alwala sai suka faɗa ɗaya gefen layin. Ba wanda ya kafa allo ya ce kada Bahaushe ya hau. Kawai dai babu uwar da za ta bar ɗanta ya tafi, kuma babu wanda za ka bi. Baba Bajari ya daina zuwa, mu ma muka daina. Da ya rasu sai bayan makonni labari ya iso mu, a bakin wata mai sayar da itace. Ba mu je gaisuwa ba. Babanmu ya shiga ɗaki ranar bai fito cin tuwo ba.

Abin haushin, akwai cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya a nan gindin Shere ɗin, tun ba yau ba ake kwaso mutane daga Legas da Fatakwal su zo su hau duwatsun nan su koma da takardar shaida. Yanzu kuma ina ganin hotunan matasa a Jos da Abuja suna fita hawa ranar Asabar, da rigunansu iri ɗaya, abin sha'awa, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Nakan buɗa hoton ina neman fuskar da na sani daga Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo. Jefi-jefi nake gani. Yaran ƙauyukan gindin dutsen kuwa, waɗanda suka san kowane kogo da kowace maɓuɓɓuga, da a Sabah suke da yanzu kowannensu na da katin jagora da abin yi. A wurinmu da yawansu suna ramin kuza da shebur, ramin na ruftawa da su.

Na faɗa wa ƙanena duk wannan a waya, na yi ta zuba, har da tsarin yadda za a yi rajista a ƙofa, a horar da jagorori daga kowane ɓangare, a haɗa yaron Dilimi da yaron Fobur a igiya ɗaya. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Yaya, ka daɗe ba ka zo ba. Garin ba kamar yadda ka bar shi yake ba, ana shiga wurare da yawa yanzu, ni kaina ina da kwastomomi a Rayfield da Tudun Wada. Kuma ba kamar yadda kake tsarawa daga can yake ba. Ku na waje kullum ko dai kun fi mu tsoron garin, ko kun fi mu sanin maganinsa." Na ce to shi ya taɓa hawa? Ya ce shi da ke buɗe shago bakwai na safe ya rufe tara na dare, yaushe? Ya ce in da gaske nake in zo da kaina hutun ƙarshen shekara, lokacin sanyin da nake ta kuka a kai, maimakon in kai wa mutanen Borneo kuɗina. Kafin nan kuma rufin ɗakin Hajiya na yoyo tun farkon damina, ya turo mini hoto tun watan jiya ban ce komai ba.

Na tura kuɗin kwano a daren. Maganar zuwa kuwa na ce masa sai na ga yadda hutu zai kasance da kuɗin jirgi, mu huɗu ne yanzu, kuma yaran fasfonsu ya kusa ƙarewa. Ya ce haka na ce bara.